Laburaren Garinmu Na Bukatar Littattafan Hausa da Mai Nuna wa Yara Hanya

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan ɗakin karatun jama'a da ke ƙaramar hukumarmu, da ire-irensa a sauran garuruwan Arewa. Ni tsohon malamin firamare ne, kuma tun da na ajiye alli babu wurin da ya fi ɗaukar lokacina kamar wannan ɗaki.

Kullum muna jin manya suna kuka a rediyo cewa mutanenmu sun daina karatu. Ni dai ban yarda da wannan maganar ba. Shiga kowane gida ka ga yadda matan aure da 'yan mata ke bin littattafan marubutan Hausa a waya, babi bayan babi, wasu har kuɗi suke biya kafin a turo musu ci gaba. Kafin zuwan waya, shagunan hayar littafi ne suka cika unguwannin Kano a shekarun 1990, a aiki yaro ya karɓo, a karanta a kwana ɗaya a mayar. Har gobe kuma gidajen rediyo suna karanta waɗannan littattafai, jama'a suna kasa kunne. Ƙishirwar karatu tana nan daram. Laburarenmu ne bai je inda masu ƙishirwar suke ba.

Bari in fara da yabo, domin ma'aikatan wurin sun cancance shi. Da ɗan abin da ke hannunsu suna ƙoƙari ƙwarai. Akwai wata baiwar Allah a cikinsu da ta ɗora wa kanta tara yara ranar Asabar da hantsi, ta shimfiɗa musu tabarma, ta karanta musu labari da babbar murya, tana tsayawa tana tambayarsu abin da suke tsammani zai faru gaba. Babu wanda ya sa ta, babu kuma wanda ke ƙara mata ko kwabo. Na ga yaron da a aji ba ya iya ɗaga kai, amma a kan tabarmar nan shi ne mai rigima a ba shi littafin ya karanta da kansa. Akwai kuma teburin jaridu inda dattawa 'yan fansho ke haɗuwa, su karanta su yi musu a hankali, wani lokaci su taimaka wa wanda ya zo da takardar gwamnati bai fahimci abin da ta ƙunsa ba. Ɗalibai masu shirin WAEC da NECO su ma suna samun kujera da shiru, abin da da yawansu ba sa samu a gida.

To, amma in ka ɗebe waɗannan, sauran gari bai san da wurin ba. Dalili na farko shi ne lokaci. Ana buɗewa da safe sa'adda yara ke makaranta, manya ke kasuwa da gona, a rufe da la'asar daidai lokacin da yaran ke Islamiyya. Wa ya rage ya zo? Da za a raba ma'aikata kashi biyu, a sa sola ko da ta kwan fitila da fanka ce, a bar ƙofa a buɗe zuwa bayan isha'i, da tela da makanike da ɗan tireda duk sun samu rabonsu. Wannan bai kai kuɗin fentin da ake sake yi wa sakatariya ba.

Dalili na biyu, wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, shi ne abin da ke kan kantoci. Yawancinsu tsofaffin littattafan Turanci ne da aka kawo kyauta daga ƙasashen waje, wasu a kan dokokin haraji na wata ƙasa, wasu a kan na'urorin da aka daina ƙerawa. Littattafan Hausa kuwa ba su cika kanta ɗaya ba, su ma bangonsu ya yage. Yaya za a ce wa yaron da bai gama haɗa baƙi da wasali ba ya so karatu, alhali ba a ajiye masa komai a harshen da yake mafarki da shi ba?

Abin takaicin shi ne iyayenmu sun riga sun nuna mana yadda ake yi. An kafa Hukumar Fassara a 1929, daga baya ta zama Hukumar Talifi a Zariya, ita ce ta shirya gasar 1933 wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo. Da aka shiga Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, hukumar adabi ta Jihar Arewa, wato NORLA, ta riƙa buga ƙananan littattafai masu araha a kan noma da kiwon lafiya da sana'a, da boko da ajami, har larduna suka samu jaridunsu: Sodangi a Kano, Himma a Katsina, Zaruma a Sakkwato, Bazazzaga a Zariya. En'e kuma tana da ɗakunan karatu a manyan garuruwa inda ake ajiye waɗannan takardu. Mutanen wancan lokaci sun gane cewa wanda ya koyi karatu a ajin dare, in bai samu abin karantawa a kusa ba, nan da nan zai mance. Ko a 1980, lokacin da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya ta Jihar Kano, wannan tunanin ne aka bi. Yau muna da marubutan Hausa fiye da kowane zamani, amma littattafansu ba sa isa ɗakin karatun gwamnati.

Doka ta wajabta wa masu buga littafi su kai kwafi ga Laburaren Ƙasa. Me zai hana hukumomin laburare na jihohi su nemi marubutanmu da ƙungiyoyinsu, irin su reshen Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya (ANA) na kowace jiha, su kawo kwafi ɗaya-ɗaya don rassan ƙananan hukumomi? Na tabbata da yawa za su bayar da farin ciki, musamman in aka gayyace su su zo su karanta wa jama'a da bakinsu. Tun 2016 BBC Hausa ta fara gasar Hikayata ta gajerun labarai, kuma matan da suka yi fice a cikinta 'ya'yan garuruwanmu ne. Yarinyar da ta ga ɗaya daga cikinsu a tsaye gabanta tana karanta labarinta ba za ta manta ba.

Maganar mata ma tana bukatar a tsaya a kanta. Akwai matan da mazajensu ba za su bar su su zauna a zaure ɗaya da samari ba, kuma wannan ba abin da za a yi gardama a kansa ba ne, abin da za a yi wa tsari ne. A ware musu yini guda a mako, ma'aikaciya mace ta kula da su, a bar su su zo da goyonsu. Waɗanda ba sa fita kuwa a kai musu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta yi haka tun ƙarni na 19, ta horar da malamai mata da ake kira jaji suna kai karatu ƙauyuka ga 'yan taru, wato matan da ke taruwa don ɗaukar karatu, da waƙoƙin da ta rubuta da Hausa da Fulatanci. Akwatin littafi ashirin da za a ajiye a hannun wata malamar Islamiyya a unguwa, a canja shi duk wata, ba zai gagari kowace ƙaramar hukuma ba.

Sai batun kwamfuta. Tun 2015 JAMB ta koma yin jarrabawarta gaba ɗaya a kan kwamfuta, amma har yanzu akwai yaranmu da ranar jarrabawa ce ranar farko da hannunsu zai taɓa ta. Yaro ya san amsa, tsoron na'ura ya kayar da shi. 'Yan kwamfutoci kaɗan a laburare, da matashi ɗaya mai yi wa ƙasa hidima da zai koya musu, sun isa su share wa iyaye da yawa hawaye.

Amma duk waɗannan, in babu mai nuna hanya, aikin bai cika ba. Yaro ba ya shiga ɗaki cike da littattafai ya san wanda zai ɗauka. A aji na ga wannan shekara da shekaru: littafin farko shi ke yanke hukunci, in ya yi masa daɗi ya dawo, in ya yi masa nauyi shi ke nan. Shi ya sa nake roƙon a kafa allo a bakin ƙofa, duk wata a rubuta littattafan da ake ba da shawarar a karanta, a rarraba su bisa shekaru. Ga 'yan firamare ni ban ga kamar Magana Jari Ce ba, domin labaransa gajeru ne, ana iya gama ɗaya a zama guda, kuma a karanta shi a bayyane ya fi armashi. Yaron da ya fara tasawa a ba shi Ruwan Bagaja, dariya za ta ja shi har ƙarshe bai sani ba. Ɗan sakandare ya karanta Shaihu Umar, sannan a zauna da shi a tattauna a kan bauta da abin da ta yi wa iyalai a ƙasar nan, domin littafin ba na shagala ba ne. Dattawa da ba sa ganin ƙananan baƙaƙe a rera musu Infiraji na Aliyu Namangi, ko waƙoƙin Sa'adu Zungur, za ka ga yadda zauren zai cika. Littattafan marubutan zamani kuma kada a yi musu kuɗin goro a ce duk soyayya ce. A samu malaman Hausa biyu ko uku su tace, su zaɓo masu kyau, akwai su da yawa.

Ina kuma kira ga masu hali. Muna gina masallatai, Allah Ya saka da alheri, amma ilimi mai amfani shi ma yana cikin abubuwan da ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa. Gidaje nawa ne ke da akwatunan littattafan mahaifi da ya rasu, gara tana ci, magada ba su san darajarsu ba? A yi waƙafinsu, a rubuta sunan mamacin a ciki, duk wanda ya buɗe ya yi masa addu'a. Waɗanda suke rubutun hannu ne na ajami ko Larabci, ma'aikatan laburare su haɗa iyalan da wuraren da suka san adana su, kamar Gidan Arewa da ke Kaduna.

Kai ma Malam Edita akwai naka. Ka ware ɗan gurbi a jaridar nan ko sau ɗaya a wata, inda ɗakunan karatu za su sanar da lokutan buɗewarsu da shirye-shiryensu kyauta, masu karatu kuma su aiko da sunan littafin da ya amfane su da dalili. Sannan ka tura wakilanka su leƙa rassan ƙananan hukumomi, kada su tsaya a manyan gine-ginen babban birni irin Laburaren Murtala Muhammad na Kano kaɗai, su ji ta bakin ma'aikatan da ke can, su buga mana abin da suka gani domin shugabannin ƙananan hukumomi da 'yan majalisarmu su karanta.

Na gode da wannan dama. Allah Ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka,
Tsohon malamin firamare, daga Jihar Kano.