Rahoton ayyukan shekara na ƙungiyarmu ta direbobin bas, Zariya

Assalamu alaikum iyayenmu da yayyenmu da ƙannenmu, masu motoci da direbobi da yaran mota. Ga rahoton bana daga teburin sakatare, shugaba ya duba ya ce a turo muku tun kafin ranar taro don kowa ya karanta a tsanake.

Kuɗin wata ya shigo amma ba duka ba, ma'aji zai karanto lissafi da rasitai a gaban kowa. An gyara rumfar fasinja kafin damina, an kai gudummawa gidajen 'yan uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu da rahama Ya raya abin da suka bari.

Amma aikin da ya fi cin lokacinmu bana maganar taya ce, kuma kun san mafarinta. A watan Afrilu da rana tsaka, zafi kamar kwalta zata narke, ɗaya daga cikinmu ya taso daga Kaduna cike da fasinja, wajen Jaji tayar baya ta fashe, Allah Ya sa bai danne birki ba, ya riƙe sitiyari da kyau ya ɗaga ƙafa daga totur har motar ta rage gudu ya gangara gefe, babu wanda ya ji ciwo alhamdulillah. Da muka je muka ga tayar wallahi jikina sai da ya yi sanyi, tokumbo ce da ta riga ta cinye aka sake yanka mata zane da ƙarfe mai zafi aka goge ta da baƙin mai, a ido kamar sabuwa, amma waya har ta fara leƙowa a cikin ramin. Bawan Allahn nan bai sani ba, da guminsa ya saya.

Daga nan aka kafa kwamitin duba taya, aka sayo ɗan gejin nan na auna zurfin zane, duk motar da zata shiga layin lodi sai an zagaya ta. Sabuwar tayar bas zanenta yakan kai milimita 8 ko sama da haka, iyakar da aka sani a ƙasashe da yawa kuma milimita 1.6 ce, ƙasa da haka taya ta mutu. Mu dai mun tsayar da milimita 3 idan ruwa ya sauka, saboda zanen nan ba kwalliya ba ne, ta nan ruwa yake bi ya fita daga ƙarƙashin taya, in ya shafe to motar kan ruwa take tafiya ba kan kwalta ba, ka juya sitiyari ba ta ji, ka taka birki ta ci gaba da sulɓi. Duk wanda ruwan Agusta ya taɓa kamawa tsakanin Shika da Giwa ko a hanyar Kano wajen Tashar Yari ya san abin da nake faɗa. Wanda ba shi da geji ma ya leƙa cikin ramin zanen, akwai 'yan ƙananan tudu da kamfani ya sa, ranar da suka yi daidai da saman taya ta gama aiki.

Abu na biyu da muka koya wa juna shi ne karanta jikin taya. Bayan rubutun DOT akwai lambobi huɗu a ƙarshe, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera tayar, wato 3521 tana nufin sati na 35 a 2021. Jami'an FRSC, hukumar kiyaye haɗurran hanya, shekara huɗu suke lissafawa daga ranar ƙira, don haka ko zane yana nan in roba ta tsufa ta fara tsatstsagewa a gefe ba ta da amana. Sai harafin C, irin 195R15C da ake sa wa Hiace, ita ce tayar ɗaukar kaya, mun tarar da motoci sanye da tayar ƙaramar mota don ta fi araha, alhali mutum sha takwas ne a ciki da buhunan masara a but.

Yadda taya ta ci ma tana ba da labarin motar. In gefe biyu suka cinye tsakiya na nan, iska ta yi kaɗan, in tsakiya ce ta cinye iska ta yi yawa, in ɓangare ɗaya ne kawai a je a yi alaimen, wato saitin ƙafafun mota, in kuma ta yi tudu da kwari a duba shokozoba. Nan ne muka sha gardama da wasu dattawanmu, Allah Ya ƙara musu lafiya, masu rage iska lokacin bazara wai kada zafi ya fasa taya. Gaskiya akasin haka ne Baba, tayar da ba ta da isasshiyar iska ita ce take lanƙwashewa tana ɗaukar zafi har ta tarwatse. A auna da safe tana da sanyi, a bi adadin da kamfanin motar ya rubuta, ba bugun ƙafa ko na wil sifana ba.

Ban manta da kukan aljihu ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi, direba ya biya mai mota balas ɗinsa ya sha mai ya kai cefane, ina kuɗin taya huɗu? Shi ya sa aka buɗe adashin taya na sati-sati, wanda ya kwasa kwamiti ne zai raka shi shago a duba kwanan wata kafin a biya, kuma waɗanda suka shiga sun ga amfaninsa.

Inda muka gaza kuwa, motocin da suke lodin asuba da na dare da yawa sun wuce ba a duba ba, sannan sifiya taya har yanzu abin takaici ce, wasu ko iska babu a ciki, wasu jak ma babu. Kwamiti ya nemi a ƙara mutum biyu na asuba kuma a sayi geji na biyu, za a kawo maganar gaban taro. Don Allah ranar kowa ya zo da motarsa da sifiyarsa, za a fara dubawa bayan sallar la'asar kafin a zauna.