In sayar da gidana na Kwatano in koma Maraɗi, ko in jira a buɗe iyaka?

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya gafarta Malam, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan fili, na rubuto ne domin neman shawararka a kan wani al'amari da ya hana ni sukuni, wanda duk wanda na tuntuɓa a kansa cikin dangi da abokan sana'a sai in tarar ya riga ya yanke mini hukunci tun ban gama bayani ba.

Ni haifaffen Maraɗi ne, amma tun ina saurayi nake zaune a Kwatano ta jamhuriyar Benin. Sana'ata ita ce sayen motocin hannu da ake saukewa a tashar jiragen ruwa, in tura wa masu saye a Nijar ta hanyar Parakou da Malanville, su haye gadar kogin Kwara su shiga Gaya. Da ribar wannan sana'a na sayi fili a ɓangaren Akpakpa na gina gida mai hawa ɗaya da shaguna biyu a ƙofarsa, kuma takardunsa cikakku ne da sunana. A nan na yi aure, a nan aka haifi 'ya'yana duka.

Tun juyin mulkin ranar 26 ga Yulin 2023, da sojoji ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani suka hamɓarar da Shugaba Mohamed Bazoum, sana'ar nan ta durƙushe. Ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO (ECOWAS), ta ƙaƙaba takunkumi aka rufe iyaka, kuma ko da ta janye shi a Fabrairun 2024 Benin ta buɗe nata ɓangaren, hukumomin Yamai sun bar nasu a rufe bisa dalilan tsaro. Na je Malanville na ga gadar a toshe da kwantenoni, mutane na tsallakawa cikin kwalekwale da buhunansu a ka, kowane buhu sai an biya mai babur, an biya mai jirgi, an sake biyan wani mai babur a ɗaya gaɓar. Mutum yana iya haye ruwa haka, mota kuwa ba ta iyawa. Kayan Nijar sun koma bin Lome da Burkina Faso cikin ayarin da sojoji ke yi wa rakiya, wanda jarin irina ba ya iya jure tsadarsa da jiransa. Yau kuɗin hayar shagunan nan biyu da ɗan dillancin da nake yi su ne ke riƙe da gidan.

Yanzu wani ɗan kasuwa ɗan ƙasar Benin ya taya gidan, kuɗi hannu, ya kuma ba ni zuwa bayan Babbar Salla in ba shi amsa. Tayin nasa bai kai abin da aka taɓa yi mini ba lokacin da kasuwa ke tafiya, domin ya san halin da 'yan Nijar ke ciki a nan, kuma dillalin da ke tsakaninmu, wanda la'adarsa kawai yake hange, kullum sai ya tuna mini cewa gobe ba lalle in sami ko wannan ba.

Abin da ke jan ni gida mahaifiyata ce. Ta tsufa, ƙafafu sun ƙi, kuma ambaliyar da ta afka wa Maraɗi a daminar 2024 ta rushe katanga da ɗaki ɗaya a gidanmu na gado, wanda har yanzu gyaran wucin gadi aka yi masa. Ba ta taɓa cewa in dawo ba, sai dai duk waya ta kan tambaya ko yaran nan za su san kabarin kakansu. Yayana kuwa ba ya rufa mini, cewa yake kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Sannan akwai batun zamanmu a nan. Nijar da Mali da Burkina Faso sun kammala ficewa daga CEDEAO ranar 29 ga Janairun 2025, ƙungiyar ta ce za ta ci gaba da amincewa da takardunmu da 'yancin zamanmu har sai an sake sanarwa. Malam, mai iyali da gida ba ya samun barci a kan "har sai an sake sanarwa", musamman ganin yadda gwamnatocin Nijar da Benin suka kai ruwa rana a 2024 a kan bututun man fetur na Nijar da ke ƙarewa a Sèmè, a gaɓar tekun Benin.

Amma kuma tsoron sayarwar bai fi na zaman sauƙi ba, kuma a nan ne na fi buƙatar hangenka. A yau kuɗin Benin da na Nijar ɗaya ne, sefa, saboda haka zan iya kai kuɗina gida ba tare da canji ba. Sai dai an sha jin shugabannin AES, wato ƙawancen Nijar da Mali da Burkina Faso, suna maganar kafa kuɗinsu na kansu, mu kuwa mutanen Maraɗi, da cinikinmu ke haɗe da Jibiya da Katsina, mun ga yadda naira ta faɗi daga ƙasa da 500 zuwa sama da 1,500 a kan dala ɗaya tsakanin 2023 da 2024, mun kuma san attajiran da ta mayar masu neman bashi. Ban manta da layin da aka riƙa yi a bankunan Nijar lokacin takunkumi ba, mutum da kuɗinsa amma a ƙayyade masa abin da zai cira. Idan na zuba kuɗin a banki ina tsoron wannan, idan kuma na binne su duka a gini a Maraɗi, da me zan ci abinci? Idan aka buɗe gadar bayan na sayar, abin da ke hannuna ba zai sake saya mini ko fili a unguwar da nake ba.

Maiɗakina ma ba ta so. Bahaushiya ce, amma a Zongon Kwatano aka haife ta, iyayenta da 'yan uwanta duk suna nan, Maraɗi kuwa biki da ta'aziyya kawai suka taɓa kai ta. Ba ta yi mini gardama ba, ta ce duk inda na sa ƙafa nan za ta sa, amma ta roƙe ni kada in sayar da rufin da ke kan 'ya'yanta saboda rigimar da ba mu muka haɗa ta ba. Babbar 'yarmu kuma tana shekarar da za ta rubuta jarrabawar Bac ta kammala sakandare. Na yi tunanin in ba da gidan haya in tafi, to amma gidan bakin teku ba ya son nisan mai shi: iskar gishiri tana cin ƙofar ƙarfe da fenti, damina kuma ruwa na kwanciya a layinmu, kuma na ga gidajen abokai da suka lalace a hannun wakilai.

Don haka ina roƙon Malam ya duba mini. Shin haƙƙin mahaifiyata ya wajabta mini komawa da zama ne, ko ya isa in riƙa zuwa ina daɗewa a wurinta, iyalina suna nan har yarinyar ta gama karatu? Idan kuma sayarwar ce ta fi, ta wace hanya mai hankali zai raba kuɗin tsakanin gini da jari da ajiya a irin wannan lokaci? Ina fatan samun amsa kafin wa'adin da mai sayen ya ba ni ya cika.

Allah ya ƙara wa Malam lafiya da basira. Wassalam.

Naka mai sauraro,
Wani ɗan Maraɗi mazaunin Kwatano