A Gargaɗi Dattawanmu da Hausa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Rahotonku kan yadda 'yan damfara ke wawushe kuɗin 'yan fansho ta waya ya taɓa ni.

Kwanan baya wani ya kira kawuna a Tudun Wada, wai daga banki, za a rufe asusunsa in bai sabunta BVN, wato lambar tantance mai asusun banki, ba. Tsoho ya ɗora tabarau, ya karanto masa lambobin da suka shigo wayarsa. Kafin La'asar fanshon wata biyu ya salwanta. Banki ba ya neman lambar sirri ta waya, amma wa ya gaya masa? Da Turanci ake turo gargaɗin.

Ina roƙon bankuna su riƙa turo shi da Hausa, Masarautar Zazzau kuma ta nemi limamai su faɗakar a huɗubar Juma'a.

Naku,
Mai karatu daga Zariya