A Karanto Mana Littafin Wells a Filin Adabi

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman fili in mayar da martani ga baƙon da kuka yi a shirin adabi, wanda ya ce ƙagaggun labaran kimiyya tatsuniyar Turawa ce kawai. Ban yarda da shi ba, kuma hujjata ita ce littafin The Time Machine na H. G. Wells, wanda ya fito a Ingila a 1895.

Labarin wani mai bincike ne da ya ƙera na'urar da ke ratsa zamani. Ya ce da baƙinsa bayan tsawo da faɗi da kauri, lokaci shi ne ma'auni na huɗu, kuma ana iya tafiya a cikinsa. Wells ya rubuta wannan shekara 10 kafin masanin kimiyya Einstein ya fitar da bayaninsa na 1905 a kan alaƙar lokaci da sarari.

Amma abin da ya fi kama ni shi ne abin da mai binciken ya tarar a shekara ta 802,701. 'Yan Adam sun rabu gida biyu. A doron ƙasa akwai Eloi, kyawawa, ragwaye, ba sa noma ba sa saƙa, sai cin 'ya'yan itace da wasa cikin furanni. A ƙarƙashin ƙasa kuwa akwai Morlock, fararen halittu masu tsoron haske, har ƙyastin ashana ɗaya yana korarsu. Su ne ke kula da injuna, su ne ke yi wa Eloi sutura. Idan dare ya yi duhu sai su hauro ta bakin rijiyoyi su kama Eloi su ci. Mai binciken ya gane cewa na sama jikokin masu dukiya ne, na ƙasa kuma jikokin 'yan ƙwadago da aka daɗe ana dannewa.

Wells ya san abin da yake faɗa. Mahaifiyarsa ta yi aikatau a wani katafaren gida mai suna Uppark, inda barori ke bi ta hanyoyin ƙarƙashin ƙasa, shi kansa kuma ya sha wahalar zama yaron shago wurin mai sayar da yadi kafin ya samu karatu a hannun masanin kimiyyar halittu T. H. Huxley. Wanda ya ga haka da idonsa, ai gargaɗi yake yi wa masu hali da suka manta da mai yi musu hidima.

Mu ma muna da irin wannan rubutu. Umaru Dembo ya ba mu Tauraruwa Mai Wutsiya tun 1969, yaro Bahaushe ya tafi sararin samaniya. Me ya hana mu ci gaba?

Roƙona shi ne ku nemi gwanin fassara ya mayar da littafin Wells Hausa, tunda gajere ne kuma haƙƙin mallakarsa ya ƙare, ku riƙa karanto mana babi-babi kowane mako.

Allah ya ƙara basira.

Naku mai saurare,
daga Zariya