Sulhu a wajen kotu: a kai wa alƙali takardar kafin a janye ƙara

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu. Na yi aikin rajista a kotu har na yi ritaya, kuma duk sanda na karanta cewa "an sasanta a wajen kotu" sai in ce a raina: to, alƙali ya ga takardar kuwa?

Sulhu alheri ne, ba na musu. Amma abin da ya sha wucewa ta teburina shi ne wannan: mai bin bashi da wanda ake bi su zauna a ofishin lauya, a rubuta cewa za a biya kashi uku, a sa hannu, a yi musabaha, mai ƙara ya janye ƙararsa. Kashin farko ya shigo. Na biyu shiru. Sai mutum ya dawo mana da takarda a hannu yana neman a tura ma'aikata su kwashe kayan wancan. Ba za mu iya ba. Takardarsa alkawari ce kawai tsakanin mutum biyu, fayil kuwa an rufe. Sai dai ya shigar da sabuwar ƙara kan saɓa alkawari, ya sake biyan lauya, ya sake bin layi.

Da a ce sun miƙa wa alƙali sharuɗɗan ya mai da su hukunci bisa yardar ɓangarorin biyu, da zance ya sha bamban. Da hukunci a hannu ana iya neman kotu ta riƙe kuɗin asusun bankinsa ko ta sa a yi gwanjon kadararsa.

Kada a ɗauka matsalar ƙananan kotuna ce. A 1994 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar wani mutum mai suna Kokkonen da kamfanin inshora na Guardian Life, waɗanda suka yi sulhu aka kori ƙararsu sannan rigima ta sake tashi, ta ce kotun tarayyar da ta kori ƙarar ba ta da hurumin tilasta sulhun, tunda umarnin korar bai ƙunshi sharuɗɗan ba, kuma alƙalin bai rubuta cewa ya riƙe ikon sa ido ba. Rigimar ma a kan mayar wa kamfanin wasu fayiloli ce! A Ingila kuwa tun 1927 ake bin tsarin Mai Shari'a Tomlin: a dakatar da ƙara, ba a kashe ta ba, a liƙa sharuɗɗan a bayan umarnin, wanda aka saɓa wa ya koma gaban kotun kai tsaye.

Lauyoyi kuma su daina rubuta "zai biya nan ba da jimawa ba". A sa adadi, a sa rana, a faɗi asusun da za a zuba, a rubuta cewa in kashi ɗaya ya wuce wa'adi sauran duka sun zama abin biya nan take. Ku kuma 'yan jarida, idan kun je ɗauko labarin sulhu, ku tambayi lauyoyin ko kotu ta amince da shi a matsayin hukunci, ku gaya mana.

Naku,
Tsohon rajistaran kotu