Masu Biki a Daji, Ku Riƙa Faɗa Mana Gaskiya

Malam Edita, barka da aiki.

Ka ba ni fili in yi ƙorafi kan bikin da ake kaiwa sansanin shaƙatawa a daji. Na je ɗaya tun Juma'a har Lahadi, wurin kam ya yi kyau wallahi, amma ba wanda ya ce mana a tanti za mu kwana, ba wuta ba sabis, banɗaki can nesa sai da tocilar waya. Ƙarfe uku sanyi ya sauko, raɓa ta jiƙa min kayan fitar biki, sauro kuwa ba a magana. Wata dattijuwa a mota ta kwana saboda bayanta. Don Allah a riƙa rubutawa a kati, ko bargo mutum ya riƙo.

Naka, mai karatu.