Kafin ka biya kuɗin bindigar nan

Tawa, daren Laraba

Ɗana,

Bayan gaisuwa, muna lafiya, sai ƙafar innarka da sanyin nan ya tayar. Ba daga bakinka na ji ba, yayarka ce maganar ta suɓuce wa a waya: wai kana cinikin bindiga mai madubin hange, mai cin harsashi mai kaurin milimita 7,62, za ku kurmin wajen Gaya da abokan aikinka na Yamai.

Me za ka harba da ita, zabin daji da fakara? Kalibar 12 irin tawa, mai watsa ƙwayoyin darma, ta ishe ka. Ƙwayoyin darmarta da sun wuce mita 40 ƙarfinsu ya fara mutuwa, a cikin geza da sarƙaƙiya kuwa idonka ma ba ya kai can. Madubi kayan fili ne, irin na Azawak. A kurmi ganye zai cika maka shi, kafin ka lalubo gada ta yi gaba. In ka nace sai mai harsashi guda, nemi gajeriya wadda ƙaya ba za ta riƙe mata baki ba, da saitinta na ƙarfe.

An ce mai sayarwar ya gaya maka harsashi mai nauyi yana keta rassa ya tafi a miƙe. Cinikinsa yake yi. Reshe kamar ɗan yatsa yana karkatar da shi, wanda ya kuskure kuma ba ya tsayawa, irin wannan yana iya wuce kilomita 3. Wa ke bayan kurmin? Yaro da awakinsa, ko mace ta sunkuya tana ɗaurin itace. Ciyawa ta motsa, zuciya ta ce nama ne, yatsa ya riga ido. Wannan ke hana ni barci. Ka san abin da ya sa baffanka bai sake cin naman daji ba, ka san gonar da muka sayar a shekarar.

Za ka ce ni na koya maka. Ƙwarai, amma rani uku kana ɗaukar mini burgame kafin na bari ka taɓa kunama, kuma ko yau gaggawarka tana nan. Albashi ya shigo hannu sai ka ga kai ma maharbi ne? Takardar bindiga fa, da izinin farauta da dokar 1998 ta wajabta, ka nema? Gandun dajin W da na Tamu ba a harbi a cikinsu. A zamanin nan ma soja ya gan ka a daji da doguwar bindiga, ba zabo zai tuna ba.

Ba hana ka nake ba. In ba ka ga kai da ƙafafun dabba da abin da ke bayanta ba, sauke hannu, ku dawo ku ci tuwo. Ka dakata har Salla, ka zo mu zaga da tawa bayan gari, in ga riƙonka. Innarka ta ce ka taho mata da man zafin nan.

Mahaifinka